Wasiyyar Zinariya Mai Hatsin Tattabaru

"Riƙe mata hannu, Khala. Kada ki bari ta sauke."

Hussaina ta kama hannun maƙwabciyarta Zinariya ta ɗaga sama, ta kau da fuska wajen bango. Arwa, ma'aikaciyar jinyar da ke hawowa dutsen Nakkasa da ke Makka idan ta tashi daga aiki, ta jiƙa audugar jiya da ruwan gishiri, ta shiga ɓanɓare ta a hankali daga ƙirjin marar lafiyar. Warin ya tashi ya danne turaren wutar da Maryama, ɗiyar Zinariya, ta turara ɗakin da shi tun safe. Ba wanda ya toshe hanci. Na'urar sanyaya ɗaki na ta gurnani a jikin taga, tana ɗigar da ruwa cikin gwangwanin madara, amma zufa ce ke tsiyaya a wuyan kowa.

"Sannu, Yaya," in ji Hussaina. "An kusa gamawa."

"Ke dai kullum an kusa," in ji Zinariya, tana cije leɓe. "Tun bara ake kusawa."

Haka take, ko ciwon bai raba ta da tsokana ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Harami ta wajen Jarwal ya san ta, doguwar mata 'yar Maraɗi mai ƙulla alkama a leda tana sayar wa alhazai su watsa wa tattabaru. Umara ta kawo ta tun Maryama na ciki, ba ta koma ba. Mijinta Rabe ya rasu a wajen aikin gini, ta ci gaba da zama ba iƙama, ba takardar komai, sai ƙafa mai gudu. Yanzu ga buhun alkamar can a kusurwa, ɓeraye sun huda shi, ga mai shi a kan katifa ta koma ƙashi da fata. Likitan da aka kai ta wurinsa a ɓoye ya ce sankarar mama ce, ta riga ta bazu har ƙashin baya. Ya rubuta maganin rage raɗaɗi, ya ce su koma gida.

Da Arwa ta gama, ta wanke hannu, ta yafito Hussaina da ido. Suka fita suka tsaya a kan matakalar siminti, inda inuwar bango ta ɗan faɗo. Daga nan ana hango hasumiyar agogon Harami fes, kamar ka miƙa hannu.

"Khala, motar za ta dawo," in ji Arwa. Haifaffiyar Makka ce, kakanta ne ya zo daga Kano da ƙafa, don haka Hausarta kan yi tuntuɓe ta faɗa Larabci; duk babbar mace "Khala" take ce mata, wato 'yar'uwar uwa. "Sati mai zuwa. Kuma wannan ne na ƙarshe, khalas, kuɗin shari'ar ya kusa ƙarewa."

Hussaina ta gyara mayafi, ta ce, "To, Allah ya kawo ta lafiya."

"Ba addu'a na zo nema ba, ya Khala. Uwar Khala Zinariya wannan ciwon ne ya kashe ta, ita da bakinta ta gaya mini. Ga ita. Maryama ta haura talatin da biyar. Kin gane abin da nake nufi? Dole a duba ta. Na yi mata magana, ta ce sai abin da kika ce. Duk matan dutsen nan haka suke ce mini, sai abin da Khala Hussaina ta ce."

"Ni wace ce da za a…"

"Kin san ko ke wace ce," in ji Arwa. Ta ɗauki jakarta ta gangara, ba ko sallama.

Ai kuwa ta sani. Gidan Hussaina ne na farko a gindin dutsen, tagar madafinta na kallon hanya ɗaya tak da mota ke iya shigowa. Ita tana da iƙama, albarkacin maigidanta Abdulƙadir, direban wani otal a Jarwal. Amma waɗanda ke sama da ita, cikin gida goma da wuya ka sami biyu masu takarda. Shi ya sa tun tana amarya ta ɗauki aikin da ba wanda ya ba ta: idan ta hango motar masu kame, sai ta ɗauki sifana ta dinga dukan tukunyar gas. Gidan da ke sama su ji su buga tasu, na sama da su ma haka, kafin motar ta gama juyawa ƙarar ta kai ƙolin dutse, kowa ya san ramin da zai shige. Mutum nawa wannan sifanar ta hana a tusa ƙeyarsu zuwa gida? Allah kaɗai ya sani. Kuma Hussaina, gaskiyar magana, tana jin daɗin abin. Idan ana hira aka ce "idon unguwa," takan ce a bari don Allah, alhali kunnenta ya riga ya miƙe.

Shekara biyu ke nan da zuwan motar na farko, a tsakiyar babban kamen nan da aka yi bayan wa'adin gyaran iƙama ya cika. Kafin ta zo, Arwa ta bi gida-gida tana bayani. Wai a can wata ƙasa mai nisa, wani kamfanin magani ya yi shekaru yana tatsar mata masu sankarar mama, yana sayar musu magani da tsada ta fitar hankali. Matan suka haɗu, dubbai, suka shigar da ƙara guda da sunansu gaba ɗaya. Da kamfanin ya ga ba ci, ya nemi sulhu, ya zube kuɗi. Kowacce ta karɓi rabonta, amma wasu sun riga sun mutu, wasu an neme su an rasa. Sai alƙali ya ce abin da ya saura ba zai koma aljihun kamfani ba, a kai shi inda mata ba su da halin zuwa asibiti, a duba su kyauta. Wata ƙungiyar jinƙai a Jidda ta sami kaso, ta sayi mota mai na'urar ɗaukar hoton ƙirji.

Hussaina ta yi dariya ranar har da riƙe ciki. Kai jama'a! Matan da ba su san ka ba, ba ka san su ba, su sha wahalar kotu, sannan a aiko wa matan Nakkasa da mota? Ita da ta ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan gadon firiji? Ta ce wa Arwa yarinta ce ke damunta.

Da safen da motar ta iso, Hussaina na wanke-wanke ta ɗaga kai, sai ga farar mota ƙatuwa, tagoginta a rufe, ga motar 'yan sanda a gabanta tana walƙiya. Ba ta tsaya tunani ba, ta rarumi sifana. Dutsen ya ɗauka gaba ɗaya, ƙofofi suka shiga bugawa, takalma suka shiga tashi sama. Tana cikin bugun ne ta hango Zinariya na gangarowa a natse, ta yi wanka, ta sa abayarta ta zuwa Juma'a.

"Yaya! Ina za ki? Ba ki ji ba ne?"

"Motar Arwa ce fa, Hussaina. Wani abu nake ji a nan, kamar ƙwallon dabino, ba ya zafi. Na ce bari su duba mini."

"Arwa 'yar ƙasa ce, ita wa zai kama? Ba ki ga wa ke gaban motar ba? Wallahi kika taka cikinta, sai dai ki buɗe ido ki gan ki a jirgi!"

Hussaina ta fisgo ta ta tura ta ɗakinta, bayan gangunan ruwa, ta sa sakata. A nan Zinariya ta yini, abayar Juma'a ta jiƙe sharkaf.

Washegari Arwa ta zo idonta jajir, ta ce ba ko mace ɗaya marar takarda da ta sauko. Abdulƙadir ma ya ce ya tambayi direban motar, 'yan sandan nan hanya kawai suka buɗe musu saboda ƙuncin titi, suka yi gaba abinsu. Nan Hussaina ta gane kuskurenta. Motar na nan tsaye a ƙofar gidanta, saura kwanaki ta tafi, da ta hau dutsen ta ce "na yi kuskure," da shi ke nan. To amma mata sun riga sun fara zuwa godiya. Wannan ta kawo dabino, waccan ta kawo turare, wata ma ta rantse an ce mata a wata unguwa motar ta kwashe mata da yara. Hussaina ta ce a ranta gobe za ta faɗa. Goben ta zo ta wuce, motar ta tafi.

Kuma ba wannan ne abin da ya fi ci mata rai ba. Da ta ji motar ta koma unguwar Shisha, sai ta rufe fuska ruf, ta tari tasi, ta je. Ta fito da iƙamarta tana miƙawa, matar da ke bakin ƙofa ta ce, "Mayar jakarki, ya Hajja, ba ma tambaya. Sunanki kawai, da shekarunki, da lambar waya." Aka duba ta, bayan 'yan kwanaki aka kira ta aka ce lafiyarta lau. Ko Abdulƙadir bai san ta je ba.

Wannan kayan ne ta ɗauka daga kan matakalar ta koma da shi ɗakin Zinariya. Maryama ta ba uwar magani, ta ɗan sami sa'ida. Ta dafa katifa, alamar Hussaina ta zauna kusa.

"Me yarinyar nan ke gaya miki a waje? Maganar motar nan ce ko? Ta dame mu da ita."

"Ita ce, Yaya."

"Yarinyar kirki ce, amma ba ta san duniya ba." Zinariya ta laluba ta kamo yatsun Hussaina. "Ni kam ban taɓa yi miki godiya yadda ya kamata ba. Kullum ina kwance nan ina tunawa. Da ba don ke ba ranar nan, da yanzu ina Maraɗi, inda ba wanda ya san ni, su turbuɗe ni a bayan gari. Ga shi saboda ke zan mutu a Makka, a yi mini salla a Harami. Abin da na zo nema ke nan tun farko. Allah ya biya ki da gidan Aljanna."

Maryama ta ce amin. Hussaina ta kafa wa katifa ido.

"Ga wasiyyata, a gaban Maryama nake faɗa. Ɗiyata ba ta da kowa sai ke. A nan aka haife ta, ba ta san hanyar ko'ina ba. Idan wagga mota ta dawo, kada ki bar ta ta sauka. Ki rufe ta yadda kika rufe ni. Kin ɗauka?"

"Yaya, ki huta tukun, maganin na…"

"Kin ɗauka?"

"Na ɗauka," in ji Hussaina.

Yadda ta sauka daga dutsen nan, ita kanta ba ta sani ba. Ta ɗora shinkafa ta manta da ita har ta kama. Abdulƙadir ya dawo ya ci ƙanzo, ya ɗauka jimamin maƙwabciya ne. Kunya ce ke cinta, irin wadda ko madubi mutum ba ya son kallo. Ga alkawari ta ɗaukar wa mai shirin barin duniya, kuma kowa ya san wasiyya ba abin wasa ba ce. Idan ta cika shi, ta rufe Maryama da hannunta kamar yadda ta rufe uwar. Idan ta jira sai an binne Zinariya sannan ta karya, to da wane baki za ta ce wa Maryama ta saɓa maganar uwarta ta ƙarshe? Maryama ba za ta taɓa yarda ba. Mutum ɗaya ne ke iya warware wannan ƙullin, kuma numfashinta ƙirge yake.

Da hantsi ta dama kunu ta hau. Ta tarar Zinariya ta ƙi cin komai, idonta ya faɗa. Hussaina ta ce wa Maryama ta sauka gidanta ta ɗebo ƙanƙara a firiji, a jiƙa wa Inna leɓe. Tana jin ƙarar takalmanta ta yi nisa, ta durƙusa a gefen katifar.

"Yaya, na zo neman gafara."

"Haba, Hussaina. Na yafe miki duniya da lahira, me kika taɓa yi mini?"

"A'a, kada ki yafe tukun. Ki ji abin da za ki yafe." Ta gyara durƙusonta. "Motar nan ba ta kame ba ce. Gaskiya Arwa ta faɗa, ta gwaji ce, kyauta, ba sa tambayar takarda. Ni na yi kuskure."

Zinariya ta juyo da ido a hankali. "Yaushe kika sani?"

"Washegari."

"Washegarin ranar da kika rufe ni?"

"E."

"Tana nan ba ta tafi ba?"

"Tana nan, Yaya. A ƙofar gidana."

Na'urar sanyi ta ci gaba da gurnaninta. A can ƙasa wani mai tankar ruwa na danna oda. Hussaina ta jira zagi, ta jira tsinuwa, wallahi da ta fi son hakan. Zinariya ta daɗe tana kallon rufin ɗaki.

"Ta yaya kika tabbatar ba sa tambayar takarda?"

Nan ne Hussaina ta so ƙasa ta tsage. "Na je. A Shisha. Na rufe fuska na je."

"Kin je."

"Na je."

"Me suka ce miki?"

"Suka ce… lafiya lau."

"Alhamdu lillahi," in ji Zinariya.

Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya karya Hussaina ke nan. Ta kifa kai a gefen katifa ta fashe da kuka, tana cewa a yafe mata, a yafe mata don girman ɗakin Allah. Hannun da jiya ya kamo yatsunta yana nan kusa da kanta, bai motsa ba.

"Ƙwallon dabino ne fa lokacin," in ji Zinariya, kamar da kanta take magana. "Ɗan ƙarami." Ta tattara numfashi. "Ni kika zo gaya wa? Ni na gama tawa. Mata nawa ne a kan dutsen nan? Su za ki gaya wa. A tsaye, fuskarki a buɗe."

"Zan gaya musu. Yaya, kin yafe mini?"

Sai ga Maryama da kwanon ƙanƙara. Ta ga Hussaina a durƙushe fuska jage-jage, ta ɗauka bankwana ake yi, ita ma ta fara hawaye.

"Ɗiyata," in ji Zinariya, "maganar jiya, na janye ta. Idan motar ta zo, ki je."

"Inna, ba ke kika ce…"

"Khalarki za ta yi miki bayani. Yanzu ku juya ni, in fuskanci alƙibla."

Suka kama ta su biyu suka juya ta a kan hannun dama. Alƙiblar ɗakin wajen bango take, don haka bayanta ta ba su. Hussaina ta zauna tana kallon ƙasusuwan bayan nan na hawa da sauka. Ta yi azahar a ɗakin. Sau biyu ta sunkuya ta kira "Yaya," ba amsa, ko barci ne ko ba barci ba. Maryama na karanta Yasin, wata maƙwabciya ta shigo tana maimaita kalmar shahada a kunnenta. Ana kiran la'asar daga masallatan ƙasa, sai gadon bayanta ya daina motsi.

Fitar da gawar marar takarda ba ƙaramin aiki ba ne. Abdulƙadir da sauran maza masu iƙama suka yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da ofisoshi, har Allah ya sa aka sake ta. Aka yi mata salla a Harami bayan azahar, cikin jerin gawawwakin ranar, dubban mutanen da ba su san sunanta ba suka yi mata kabbara. Wata cikinsu ma ƙila ta taɓa sayen alkamarta. Maza suka wuce da ita maƙabartar Shara'i, mata suka dawo dutse.

Aka shimfiɗa tabarmi a kan rufin gidan marigayiya don zaman makoki, aka ɗaura zannuwa saboda rana. Maryama ce ke zagayawa da butar gahawa, wata na bin ta da farantin dabino. Hussaina ta yini tana cewa idan an idar da wannan addu'ar za ta tashi, sai a fara wata. Har Nuriyya, wata mai kitso da ba a raba ta da surutu ko a gidan mutuwa, ta juyo.

"Hussaina, na ji wai 'yan farar motar nan za su dawo. Ba su ji kunya ba! Ki goge sifanarki tun yanzu. Marigayiya kullum cewa take, da ba don ke ba…"

Hussaina ta miƙe. Ta dafa igiyar shanya. Ta sauke niƙabin da ta yini da shi har a tsakanin mata, don kada a ga idonta.

"Ku saurare ni, don Allah. Motar nan ba ta kame ba ce, ba ta taɓa zama ta kame ba. Labarin shari'ar da Arwa ta ba ku gaskiya ne. Na buga tukunya bisa kuskure, washegari na gane, na ja bakina na yi shiru, saboda kuna yabona. Yaya Zinariya ta sauko ranar don a duba ta, ni na rufe ta a ɗaki. Bayan nan na je Shisha ni kaɗai aka duba ni, ban gaya wa kowa ba. Ba su tambaye ni iƙama ba. Ita ta ce in gaya muku."

Wata tsohuwa da ba ta ji sosai ta ce, "Me ta ce?" ba wanda ya maimaita mata.

"Ke kin je?" in ji Nuriyya. "Muna kai miki turare, ashe kin je?"

"Na je."

"Innalillahi! To yau kuma wanne za mu yarda da shi, na wancan karon ko na yanzu?"

Hussaina kuwa Maryama take kallo. Maryama na tsaye da butar gahawa a hannu, ta tsiyaya rabin kofi ta tsaya. Ta sunkuya ta ajiye butar a kan tabarma a hankali, kamar mai gudun ta tashi wani daga barci, ta sauka ɗakin uwarta ta ja ƙofa. Mata suka fara neman takalmansu. Waɗanda suka saba tsayawa ƙofar Hussaina su sha ruwa kafin su hau, a kwanakin da suka biyo baya sai suka dinga wucewa suna kallon gabansu. Ta aika wa Maryama abinci, kwanon ya dawo yadda ya tafi.

Motar ta iso da safe, wannan karon ita kaɗai, Arwa ta roƙa kada kowa ya rako ta. Direba ya sauke 'yar matakalar ƙarfe, ya jera kujerun roba a gefe, ya tafi neman shayi. Hussaina ta fito ta tsaya a jikin motar, inda duk mai leƙowa daga sama zai gan ta, fuska a buɗe. Arwa ta ce ta zauna, ta ƙi.

Mata biyu masu iƙama suka zo aka duba su suka tafi. Bayansu, shiru. Rana ta hau, inuwar motar ta dinga janyewa tana shigewa ƙarƙashinta. Kwalta ta fara wari. Arwa ta fito ta duba dutsen, ta koma, ta sake fitowa. Akwai kawuna a bayan tagogi, Hussaina na ganin labule na motsi, amma matakalar fayau take. Zufa ta cika mata ido. A ranta tana cewa, ya Allah, ko ita kaɗai ce, ko kada ta sake yi mini magana har abada.

Ana gab da azahar ta ji ƙarar silifa daga sama, a hankali, ana tsayawa ana ci gaba. Maryama ce. Ta rame, ta riƙe gefen abayarta da hannu biyu. Da ta iso ƙasa ta tsaya ta dubi titi dama da hagu, yadda aka koya mata tun tana tatata. Hussaina ta matsa taku ɗaya, ta ce, "Maryama…"

Maryama ta wuce ta gabanta, kafaɗarsu ta kusa gogar juna, ba ta dube ta ba. Yarinyar da Hussaina ta yi wa wankan jego ke nan ita da uwarta, yau ko "ina kwana" babu. Ta isa bakin motar, Arwa ta miƙo mata hannu tana cewa ta shigo da takalmanta ba komai, amma ta riga ta tuɓe su a ƙasa, yadda ake yi idan za a shiga ɗakin mutane. Ƙofar ta rufe.

Hussaina ta tsaya tana kallon silifan nan biyu a kan kwalta, rana na dukansu. Roba ce, kafin a gama za su yi zafin da ƙafa ba za ta iya taka su ba. Ta sunkuya ta ɗauke su, ta tura su cikin inuwar ƙarƙashin motar, ta juya bakinsu wajen dutse, sannan ta koma inda take tsaye.